MALAMAR MAKARANTAR DA TA CI ABINCI DA ZANEN FILI DA FURANNI

 

Abin da ya sa na ɗauko maganar yau shi ne wata baƙuwa da na yi a makaranta kwanan baya. An fita tara ke nan sai ga mahaifiyar wata yarinya ta ajina ta shigo riƙe da littafin lissafin 'yarta. Bayan mun gaisa ta buɗe shi ta baya, ta ce, "Malama, dubi abin da 'yar taki take ɓata mana littafi da shi. Na yi faɗa, na yi duka, ta ƙi bari." Na karɓa na duba. Shafi shida cur babu lissafi ko ɗaya. Ga buta da inuwarta, ga tukunya bisa murhu, ga kukar nan da ke bayan makarantarmu har sau uku, ta safe daban, ta yamma daban. Na ce, "Hajiya, ai yarinyar nan tana da ido." Sai ta ce da ni, "Ido ake ci? Wa kika taɓa ji ya ci abinci da wannan?"

Ban samu na ba ta cikakkiyar amsa ran nan ba, don an kaɗa ƙararrawa. Amma tambayarta a kan hanya take, kuma na san iyaye da yawa suna da irinta a rai. Saboda haka zan ba da amsar a nan, ta hanyar kawo muku labarin wata mace, malamar makaranta kamata, wadda ta yi shekara fiye da 50 ba ta da wata sana'a sai zanen hoto, akasarinsa kuwa na duwatsu da filaye da furanni da tarkacen da ta tsinto a daji. Zan faɗi daɗin abin, zan kuma faɗi wahalarsa, don kada a ce na zuga yara.

AIKIN WAJE DA AIKIN ƊAKA

Masu zanen hoto da fenti da buroshi sun kasa aikinsu iri-iri, amma iri biyu ne suka shafe mu yau. Na farko shi ne zanen fili, watau mai zane ta ɗauki kayan aikinta ta fita, ta zauna gaban dutse ko kogi ko gona, ta zana abin da idonta ya gane mata a nan inda take. Na biyu kuwa a ɗaka ake yinsa. Mai zane takan tattaro kaya, kamar furanni ko 'ya'yan itace ko kwanoni, ta jera su bisa tebur, ta gyara yadda haske zai sauka a kansu, sa'an nan ta zana su. Wannan zan kira shi zanen jere, domin duk macen da ta taɓa yi wa amarya jere ta san kansa. A sa babbar tasa a ƙasa, ƙarama a bisa, a kula kada launin nan ya danne wancan, a ja da baya a duba, a dawo a gyara.

Kowanne da irin wahalarsa. A waje rana ba ta jiran kowa. Inuwar da kika fara zanawa da hantsi, kafin azahar ta tashi daga wurin, launin dutsen ma ya sake. Dole ki yi sauri, ko kuwa ki dawo gobe daidai wannan lokaci, ga iska ga ƙura mai manne wa ɗanyen fenti. A ɗaka kuwa ke ce da iko da hasken, sai dai fure yakan yi yaushi, ɗan itace ya ruɓe tun ba ki gama ba, kuma in kika karkata bakin kwano ko yaro zai gane. A da can zanen fili ya fi haka wuya, don a cikin mafitsarar dabba ake ɗaure fenti, in an huda ta sai ya bushe. A 1841 ne wani mai zane Ba'amurke, John Rand, ya ƙago 'yar kwalbar dalma mai laushi da ake matsawa kamar ta man goge haƙori, daga nan fita da fenti daji ya yi sauƙi.

TASOWARTA

Sunan matar a rubutun Turawa Georgia O'Keeffe, mu kuwa za mu riƙa kiranta Jojiya. An haife ta ran 15 ga Nuwamba 1887 a wata gonar kiwon shanun madara a jihar Wiskonsin ta ƙasar Amurka, ita ce ta biyu cikin 'ya'ya bakwai. Abin da nake so iyaye su lura da shi tun daga nan shi ne, mahaifiyarta ce ta nema musu mai koya musu zane, ita da ƙannenta mata, tun suna ƙanana. A 1905 ta shiga makarantar zane a birnin Shikago, zazzaɓin taifot ya kwantar da ita ta yi asarar shekara guda, kana a 1907 ta tafi wata makarantar a Niyu Yok. A can ne a 1908 ta ci gasa da wani zanen jere, na mataccen zomo kwance kusa da tukunyar jan ƙarfe. Ladan da aka ba ta shi ne aka kai ta bakin wani tafki da ake kira Tafkin Joj ta koyi zanen fili ba tare da ta biya ko kwabo ba.

Ba ta daɗe tana murna ba. A shekarar nan harkar mahaifinta ta karye, mahaifiyarta kuma ta kamu da tarin fuka, kuɗin makaranta ya gagara. Ta koma Shikago tana zana wa 'yan kasuwa hotunan talla don ta ci da kanta, har 1910 da ƙyanda ta kama ta ta koma gida. Ta yi wajen shekara huɗu ta jingine zanen fenti, har tana cewa warin man da ake sirka shi da shi ma tayar mata da zuciya yake yi.

A 1912 ta halarci wani kwas na lokacin hutu a Jami'ar Bajiniya. A nan aka koya mata ra'ayin wani malami, Arthur Dow, wanda yake ganin aikin mai zane ya wuce kwafo abu kamar kyamara. A wurinsa abin nema shi ne a tsara layi da launi da duhu da haske yadda za su cika shafin su yi kyan gani. Wannan ya dawo mata da sha'awarta. Ta kama koyarwa a makarantun garin Amarillo na jihar Teksas daga 1912 zuwa 1914, ta yi a wata kwalejin mata a jihar Karolina ta Kudu a 1915, sa'an nan a 1916 aka ba ta shugabancin sashen zane na kwalejin horon malamai da ke garin Kanyon, can Teksas ɗin. In an tashi daga aji sai ta fita bayan gari da fentin ruwa da takarda, ta zana fili fetal da sararin sama da faɗuwar rana. Tauraruwar nan Zara kaɗai ta zana ta sau da yawa a 1917.

Wasu zane-zane da ta yi da gawayi a 1915 su ne suka fito da ita. Ta aika wa wata ƙawarta su a Niyu Yok, ƙawar ta kai wa wani mai ɗaukar hoto da ke da gidan nunin zane, Alfred Stieglitz. Ya rataye su jama'a suka gani a 1916, a 1917 kuma ya shirya mata nuni nata ita kaɗai. Duk da haka ba ta ajiye alli ba sai 1918, tana da shekara 30, bayan da ya ɗauki alkawarin riƙe ta shekara guda ta zauna ta yi zane kawai. Ku lura, 'yan makaranta, ba ta saki reshe ta kama ganye ba. Sun yi aure a 1924, kuma tun daga 1923 har rasuwarsa a 1946 kusan kowace shekara sai ya baje kolin sabon aikinta. Watau kowace shekara wajibi ne ta kawo sabon amfani, kamar manomi da kaka.

MOTA CE ƊAKIN AIKINTA

Shekarar 1929 ce ta juya rayuwarta. Ta kai ziyara jihar Niyu Meksiko, ƙasa mai ƙarancin ruwa, mai jar ƙasa da tsaunuka, inda mutane suke gina gidajensu da tubalin ƙasa su yi yaɓe kamar namu. Wurin ya shiga ranta. A wannan zuwa ta koyi tuƙi ta sayi mota ƙirar Ford, daga nan kuma kusan kowace bazara sai ta koma can, in sanyi ya gabato ta dawo wa mijinta da abin da ta samo.

Motar nan ita ta zama ɗakin aikinta. Takan cire kujerar gefen direba, ta kwance tata kujerar ta juya ta baya, ta jingine allon zanenta a kujerar baya. Allon kuwa yadi ne mai kauri da ake ɗaurewa tamau a jikin katako, a shafe shi da farin fenti kafin a fara. Haka za ta wuni tana leƙen tsauni ta taga tana aiki. In rana ta take, babu itace babu inuwa, sai ta rarrafa ƙarƙashin motar ta kwanta ta huta. Da la'asar ƙudan zuma kan shigo mata, dole ta rufe tagogi ta ci gaba cikin zafi.

Akwai wani wuri mai tuddai baƙaƙe da masu ruwan toka, wajen mil 150 daga gidanta, wanda ta sa wa suna Baƙin Wuri, ta kuma kamanta tuddan da jerin giwaye. A shekarun 1940 takan tafi can da wata abokiyar aikinta su kafa tanti su kwana. Wani lokaci iskar wurin takan yi ƙarfin da riƙe allon ma aiki ne. Akwai kuma Farin Wuri, mai duwatsu farare kusa da ƙauyen Abikiyu. Abin sha'awa, daga baya wata cibiyar Musulmi mai suna Darul Islam ta mallaki filin, aka gina masallacin ƙasa a kusa a farkon shekarun 1980, wanda maginin nan na Masar Hassan Fathy ya tsara.

A 1940 ta sayi wani ɗan gida a wani wurin kiwo da ke arewa da Abikiyu. Daga ƙofar gidan ana hangen wani dutse mai shafaffen kai da ake kira Pedernal. Ta zana dutsen nan fiye da sau 20, da bazara da kaka, da safe da yamma. Wannan shi ya faɗo mini a rai da na ga kukar nan sau uku a littafin yarinyata. Ba wanda ya gaya wa yarinyar cewa kukar safe da ta yamma ba launinsu ɗaya ba, ita ta gano da kanta, kuma wannan ganowa ita ce farkon sana'ar.

FURE DA ƘASHI

Aikin ɗakan Jojiya shi ne ya fara yi mata suna. Tun 1924 ta soma zana furanni ƙatta-ƙatta, fure guda ya cika allo har ya tumbatsa. Da aka tambaye ta dalili, ta bayyana cewa fure ƙaramin abu ne, mutane ba su da lokacin tsayawa su dube shi, don haka za ta girmama shi har mutanen Niyu Yok masu gaggawa su tsaya su kalla ko ba su so. Ta zana tuffa da ganye da katantanwar bakin teku da ƙananan duwatsu, duk abubuwan da kowa yake takawa ya wuce.

A Niyu Meksiko furanni ba su da yawa, sai ƙasusuwan shanu da dawaki da suka mutu a daji, rana ta gasa su sun yi fari fat. Ta tsinto su ta cika duro guda ta aika da shi gidan dangin mijinta a bakin Tafkin Joj, domin in ta bar dajin ta samu abin da za ta ci gaba da aiki a kansa. Daga cikinsu ne a 1931 ta zana ƙoƙon kan sa bisa launin ja da fari da shuɗi, zanen da yake babban gidan ajiye zane na Metropolitan a Niyu Yok. A 1935 ta haɗa aikin biyu a allo ɗaya, ta zana kan rago da farin fure suna shawagi a bisa jajayen tuddai. Daga baya ta riƙa ɗaga ƙashin ƙugun dabba tana leƙen shuɗin sama ta raminsa tana zanawa. Kun ga yadda aikin waje yake ciyar da na ɗaka, na ɗaka kuma yake riƙe mai sana'a a lokacin da fita ba ta yiwuwa.

Tsabta da tsari kuwa ba a magana. A bisa gilashi take haɗa launi, ta goge shi tas. Kowane launi da buroshinsa, don kada ya gurɓata ɗan uwansa. Ta kuma tara ɗaruruwan 'yan katuna, kowanne ta shafa masa launin da ta haɗa, domin ta gwada su tun kafin ta taɓa allo. Duk wadda ta taɓa rini ko haɗa zaren saƙa ta san amfanin wannan.

A 1945 ta sayi wani kangon gidan ƙasa a Abikiyu, aka yi shekara uku ana gyara shi, ta tare a 1949. Ta sha faɗin cewa wata baƙar ƙofa da ke jikin bangon tsakar gidan ita ta sa ta nace sai ta mallake shi. Ƙofar nan da bangonta ta zana su fiye da sau 20, da rana da ƙanƙara da ganye yana faɗuwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

MAGANAR KUƊI

Yanzu sai mu zo ga tambayar Hajiya. Lalle Jojiya ta ci abinci da zane, har ta sayi gida biyu da mota. A 1936 wata attajira mai kamfanin kayan kwalliya, Elizabeth Arden, ta biya ta dala 10,000 don ta zana mata fararen furanni da za a rataya a shagonta. Furen kuwa ɗan uwan zaƙamin nan namu ne mai guba da muke hana yara taɓawa, wanda yake tsirowa da kansa kusa da gidanta. Wani zanen wannan furen da ta yi a 1932 an yi gwanjonsa a watan Nuwamba 2014 a kan dala miliyan 44 da dubu 400, kuɗin da a lokacin ba a taɓa sayen zanen wata mace da shi a gwanjo ba. Amma kada wannan ya ruɗe mu, ta riga ta rasu da shekara 28, ko sisi bai shiga hannunta ba. Abin da ya riƙe ta tana da rai shi ne nunin shekara-shekara, da mai sayar mata da ya san ciniki ya ƙi karya farashi, da kuma kwangila jefi-jefi.

Kwangilar ma ba kullum take daɗi ba. A 1932 ta karɓi aikin zana bangon wani ɗaki a wani babban gidan wasa na Niyu Yok, mijinta bai so ba. Da ta zo farawa sai yadin da aka manna wa bangon ya soma ɓamɓarewa, ta bar aikin. Baƙin cikin wannan, haɗe da damuwar gida, ya kwantar da ita a asibiti a 1933, ta yi fiye da shekara ba ta zana komai ba. A 1939 kuma wani kamfanin abarba ya kai ta tsibiran Hawayi don ta zana masa hotunan talla. Ta yi mako tara, ta yi zane wajen 20 na kwazazzabai da ruwa mai gangarowa da furanni, amma babu abarba ko ɗaya. Sai da kamfanin ya ɗauko tsiron abarba a jirgin sama ya kai mata har Niyu Yok sa'an nan ta cika alkawari. Mai sana'a, kome sunanta, wata rana sai ta yi abin da mai kuɗi yake so.

Bayan rasuwar mijinta ita ta riƙe harkar cinikinta da lissafin inda kowane zane ya tafi. Tsufa bai sa ta zauna ba. A 1965, tana da shekara 77, ta zana gizagizai kamar yadda ta gan su ta tagar jirgin sama, a allo mai tsawon ƙafa 24 da tsayin ƙafa 8. A gareji ta yi shi, tana gaggawar gamawa kafin sanyi ya shigo. A 1972 ciwon ido ya cinye tsakiyar ganinta, daga nan ba ta sake yin zanen fentin mai ita kaɗai ba, sai ta koyi ginin tukwane da hannu, ta kuma ci gaba da gawayi da fensir har 1984. Ta rasu ran 6 ga Maris 1986 a birnin Santa Fe tana da shekara 98, ta bar aiki fiye da 2,000. A 1997 aka buɗe gidan ajiye zane da sunanta a wannan birni.

MATAR AURE FA?

Na san wata za ta ce, ai wannan ba ta haihu ba, kuma tana da mota da 'yancin shiga daji, ina mu ina haka? Gaskiya ne Jojiya ba ta haihu ba. To, ga wata. Rachel Ruysch mutuniyar ƙasar Holan ce, an haife ta a 1664 ta rasu a 1750. 'Ya'yanta goma. Akasarin sana'arta zanen furanni ne a cikin kasko ko tulu, a ɗaka take yi, kuma ta yi ta yi har ta haura shekara 80, tana rubuta shekarunta a gefen zanen. Kuɗin da ake biyan zanenta tana da rai ya fi wanda aka riƙa biyan Rembrandt, mashahurin mai zanen ƙasarsu, a nasa zamanin. A Turai ta wancan lokaci ba a barin mata su shiga ajin da ake koyon zana jikin mutum, manyan masana kuma suna ɗaukar zanen jere shi ne na ƙarshe a daraja. Matan suka kama abin da aka raina suka gwanance a kai.

Sa'an nan ku tuna da baƙar ƙofar Jojiya. Tsakar gida ma waje ne. Akwai sama a bisanta, akwai bango da inuwarsa, akwai darbejiya ko gwanda, akwai randa da turmi da igiyar shanya. Matar da ba ta fita tana da abin zanawa na shekara guda ba tare da ta taka zaure ba.

Akwai kuma maganar addini, wadda na san tana zukatan iyaye, kuma ya kamata kowa ta nemi bayani wurin malaminta. Abin da aka sani dai shi ne, tsananin yana kan siffanta mai rai ne, mutum ko dabba. An ruwaito cewa wani mai sana'ar yin hotuna ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya gaya masa cewa da wannan sana'a yake ci. Ya gargaɗe shi game da masu rai, ya kuma nuna masa cewa in ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Iri biyun nan da muke magana a kansu, dutse da itace da fure da kwano, a wannan ɓangare suka faɗa.

SHAWARA GA 'YAN MAKARANTA DA IYAYE

Ke 'yar makaranta mai sha'awar zane, fara da abin da yake hannunki. Fensir ko gawayin murhu da bayan tsohuwar kalanda sun isa. Ɗauki abu guda, kofi ko albasa, ki ajiye shi kusa da ƙofa yadda haske zai zo masa ta gefe ɗaya. Kafin ki ja layi, ki yi ta kallonsa har ki ga inda ya fi haske, da inda ya fi duhu, da inda inuwarsa ta kwanta. Ki zana shi yau, ki sake gobe, har kwana bakwai, kowanne ki sa masa kwanan wata, ran na bakwai ki jera su ki gani da idonki. Bayan wannan ki zaɓi itace ɗaya ki zana shi da safe da kuma yamma. In Allah Ya hore miki fenti, kada ki damu da akwati mai launi 24. Ja da rawaya da shuɗi da fari sun isa, don rawaya da shuɗi su ke ba da kore, ja da rawaya su ba da ruwan lemo, ja da fari su ba da ruwan hoda. Ki wanke buroshi da zarar kin gama. In za ki fita zanen fili, da izinin iyaye, kuma da 'yar rakiya. Littafin lissafi kuwa na lissafi ne, aikin gida kuma a gama shi tukuna. Mai zanen da ba ta iya lissafi ba, dillali ne zai ci guminta.

Ku kuma iyaye, ban ce kowace yarinya mai zane za ta zama Jojiya ba. Galibin masu wannan sana'a a ko'ina cikin duniya suna haɗa ta da wani aiki, kamar yadda ita ma ta haɗa da koyarwa har ta kai shekara 30. Amma ku dubi hotunan da ke cikin littattafan makaranta, da furannin da ke jikin atamfar da muke ɗaurawa, da allunan shaguna. Duk wani ne ya zauna ya zana, aka kuwa biya shi. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai sashe guda na koyon zane, kuma tun a shekarun 1950, lokacin wurin yana kwaleji, akwai mace haifaffiyar Kano, Clara Ugbodaga-Ngu, cikin malaman da suke koyarwa a can. Ko yarinya ba ta kai can ba, idon da ya saba da lura da hannun da ya saba da tsabtar aiki za su amfane ta a ɗinki da saƙa da aikin jinya da gyaran ɗakinta.

Ita kuwa Hajiya, da ta sake zuwa mun yi sulhu. Na saya wa yarinyar littafin zane nata na kanta, da sharaɗin in makinta na lissafi ya sauka zan karɓe abina. Hajiya ta ce ta ji, amma ita har yanzu ba ta ga abincin ba. Na ce ta yi haƙuri, mahaifiyar Jojiya ma ta rasu a 1916, shekarar da aka fara rataye zanen 'yarta, ba ta ga gida biyun nan da motar ba, amma ita ta nemo mai koyarwar.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a cikin abin da hannuwanmu suke yi, amin. Sai mun sake saduwa.